Amsa: Ruwan gishiri ya isa wanke jarjir da latas?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce kina sayo jarjir (wani ganyen salak mai ɗan yaji) da latas a halaƙar Jidda, wato kasuwar kayan lambu, ki wanke da ruwan gishiri, amma yara sun yi gudawa, ko ki ba su ragowar Amoksil ɗin da ke gida, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta.

Don Allah kada ki ba su. Ƙwayoyin cutar da ake samu a ɗanyen ganye, irin su E. coli da Salmonella, daga takin dabbobi suke zuwa, ko gurɓataccen ruwan ban ruwa, ko hannun masu juya kayan. Abin tsoron shi ne da yawansu sun riga sun daina jin Amoksil da danginsa, saboda yadda ake ɗirka wa mutane da kaji magani barkatai. Akwai ma wani nau'in E. coli da maganin zai iya ƙara wa yaro haɗarin ciwon ƙoda. Shi ya sa tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsaurara hana sayar da shi sai da takardar likita.

Ki ba su ruwan gishiri da sukari na kyamis. In kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ragu, asibiti kawai.

Batun wanki kuwa, gishiri ba ya kashe ƙwayoyin cutar. Ki yar da ganyen da ke ta waje, ki ware sauran ɗai-ɗai ki cuɗa a ƙarƙashin famfo, jarjir musamman, don ƙasa tana maƙalewa a gindinsa. Ruwan khal, wato binega, yana ragewa ne, ba ya gamawa da su. Wuƙar kaza kada ta taɓa salak. Mai ciki da ƙananan yara gara a dafa musu ganyen. Allah ya ba su lafiya.