Buga hash -r kafin ka zo ka dame ni

Ka ce ka saka sabuwar manhaja, amma in ka kira sunanta tsohuwar ce ke amsawa, wai ko kwamfutar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, kai ne ba ka san halin bash ba, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa.

In ka buga sunan umarni, bash zai bi foldodin da ke cikin PATH, wato jerin wuraren da yake neman manhaja, daga hagu zuwa dama, wanda ya fara cin karo da shi shi ke nan. To amma ba ya son wahala biyu. Da ya samu sai ya ajiye adireshin a ransa, in ka sake kira ba zai ƙara dubawa ba. Kai ka ɗora sabuwa a /usr/local/bin, shi kuwa tun safe yana riƙe da ta /usr/bin. Buga hash ka ga abin da ya riƙe, hash -r ya share duka. A zsh kuwa, ɗan'uwan bash, rehash ake cewa. Yadda ake gyara PATH kada ma ka tambaye ni.

Wannan abin ya taɓa cinye min kwangila. Wani mai babban shagon magani ya kawo sabarsa, wato kwamfutar da yake ajiye lissafin bashin kwastomominsa, manhajar adana bayanai ta PostgreSQL ce a kai, a sauya masa faifai. Na ce da yaron da nake da shi a lokacin ya kwafe bayanan tukuna. Tsohon pg_dump, umarnin da ake kwafe bayanan PostgreSQL da shi, ba ya yarda ya taɓa sabar da ta fi shi sabunta, don haka yaron ya saka sabo, ya duba da which, umarnin da ke nuna inda manhaja take, ya ga sabon, hankalinsa ya kwanta. Ai which ba ruwansa da abin da bash ya riƙe, PATH kawai yake bi! Ya buga pg_dump a tagar da ya riga ya kira tsohon a cikinta, tsohon ya tashi, ya yi ƙorafi ya tsaya, ya bar fayil fanko. Yaro yana ta latsa waya, bai karanta komai ba, ya goge faifan.

Na kwana ina tono, na ceto mafi yawan lissafin. Alhajin nan ya karɓi sabarsa, ya ce ni ne ma zan biya shi. Ko kuɗin sabon faifan da na saya da kuɗina bai ba ni ba har yau.

Ku yaran yanzu sai kwafo umarni daga intanet, ba karatu. Yi amfani da umarnin type, shi ne zai faɗa maka wanda bash zai kira da gaske. Kuma ka duba girman fayil kafin ka goge wa mutum komai a shagona.