Gwajin fenti da bangon da ke da danshi

Tambaya: Malam, bikin 'yata ya matso, muna gyara ɗakin da za ta tare. Na zaɓi kala a katin da mai fenti ya kawo, amma ƙasan bangon yana da danshi tun damina, har ya yi fari-fari. Ya ce fentin mai ko takardar bango za su rufe shi. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan gwada?

Amsa: Hajiya, kada ki dogara da kati. Ki sayi ƙaramin gwangwani, a shafa a bangon kansa, faɗin kamu ɗaya, shafi biyu, kusa da taga da kuma lungun da haske bai kaiwa. Fentin ruwa yakan canza idan ya bushe, don haka ki duba da safe, da azahar, da dare a hasken ƙwan da za a riƙa kunnawa. Takardar bango kuma a liƙa yanki da salatef, a bar shi kwana biyu ko uku.

Amma kala ba ita ce damuwata ba. Maganar da mai fentin nan ya faɗa miki kullum sai na ji ta, kuma wallahi ta ishe ni. Fenti ba ya maganin danshi. Farin nan da kike gani gishiri ne, ruwa ke ɗauko shi daga cikin bulo ya bar shi a fuskar bango. In aka toshe masa hanya da fentin mai, ruwan bai tafi ko'ina ba, zai tura fentin ya kumbura ya ɓare. Takarda ta fi muni, domin fumfuna ke yaɗuwa a bayanta ba a gani, sai dai wari a kayan sawa. A ɗakin da amarya za ta kwana ƙofa a rufe, gobe ga jariri? Mai asma ya san abin da nake nufi. Shi mai fentin ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ki liƙa leda a wurin, ki toshe gefenta huɗu da salatef, ta kwana ta wuni. In kika tarar da raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, a dakata da fenti. A kira magini ya duba indararo, bututun banɗakin da ke bayan bangon, da ruwan da ke kwanciya a gindin gini. In an sake filasta, a ba ta kamar mako 4 ta bushe, ko da ranar biki ta riga ta.