Ina son karatun injiniyan muhalli, amma lissafi na ba ni tsoro

Tambaya: Malam, bana nake kammala sakandare, kuma raina ya kwanta da karatun injiniyan muhalli a jami'a, domin gurɓacewar ruwa da iska na damuna ƙwarai. Ina jin daɗin kemistiri da bayoloji, amma lissafi sai a hankali. Wasu na cewa gara in ɗauki injiniyan gine-gine, wai ya fi saurin samun aiki. Me ake koyarwa a wannan kwas, kuma wace shawara za ka ba ni?

Amsa: 'Yata, wannan damuwa da kike da ita abu ce mai kyau, ita ce za ta riƙe ki ranar da karatu ya yi zafi. Sai dai ki sani tun yanzu, kwas ɗin nan injiniyanci ne kafin komai. A shekaru biyun farko kusan aji ɗaya za ki riƙa zama da sauran ɗaliban injiniya: kalkulas, fiziks, kemistiri, zane, da ilimin yadda ruwa ke gudu a bututu da magudana. Wanda ya shigo da tunanin dashen itatuwa da wayar da kan jama'a, tun zangon farko jikinsa kan yi sanyi.

Daga shekara ta uku ne fannin ke nuna fuskarsa, kuma mafi yawansa ruwa ne: tace ruwan sha, sarrafa ruwan najasa da dagwalon masana'antu, da bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Akwai darussan gurɓatar iska da na shara, da na auna illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Dukansu a kan ƙa'ida ɗaya suke tsaye: duk abin da ya shiga tanki ko kogi ko ɗaki, to ko dai ya fita, ko ya taru a ciki, ko ya rikiɗe ya zama wani abu. Aikinki shi ne ki faɗi nawa, da alƙaluma.

Ga wani gwaji da babu makawa sai kin yi shi a ɗakin gwaje-gwaje. Za a ba ki ruwan najasa, ki ɗibi kaɗan ki sirka da ruwa mai tsabta a kwalba mai cin mililita 300, ki auna iskar oksijin da ke narke a ciki, ki toshe bakin yadda ko kumfa ɗaya ba za ta saura ba. Sai ki ajiye ta a duhu, a zafin digiri 20, kwana 5 cur, sannan ki sake aunawa. Oksijin ɗin da ya ɓace tsakanin awon biyu bakteriya ne suka shaƙe shi suna cin ƙazantar. Me ya sa ake sirkawa? Saboda ruwa mai tsabta a wannan zafin bai wuce ya riƙe miligiram 9 na oksijin a lita ba, alhali najasar gidaje takan buƙaci 200 ko fiye. Daga nan kin ga dalilin da ya sa kifi ke mutuwa idan aka malala ta a kogi. Da wannan alƙalami guda za ki lissafa girman tankin sarrafa najasa da za a gina da yawan iskar da za a hura masa, bisa dabarar da Edward Ardern da William Lockett suka bayyana a Manchesta ta Ingila a 1914, wadda har yau manyan birane ke dogaro da ita. Bayoloji ne da kemistiri, waɗanda kike so, amma lissafi ne ke mai da su tanki da famfo.

Kuskure a wannan aiki kuwa a jikin mutane yake bayyana. A 2014 birnin Filint na Amurka ya koma ɗibar ruwan sha daga kogi ba tare da zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai dalmar tsofaffin bututu ta narke ta shiga ruwan da yara ke sha. A Bangaladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin famfo don a tsere wa cututtukan gudawa, daga baya aka gano ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da gubar asenik, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 10 a lita. Ruwan ga shi garau a kofi. Shi ya sa ba na goyon bayan a sassauta wa kowa lissafi da awo a wannan fanni.

To, ki tambayi kanki me kike nufi da "sai a hankali". Idan tushe ne bai yi ƙarfi ba, wannan mai gyaruwa ne. Ki koma kan aljebra da logaridim da sauya ma'auni daga wannan zuwa wancan, ki riƙa warware tambayoyi da hannunki kullum kafin a buɗe jami'a. Yawancin masu faɗuwa kalkulas aljebra ce ke kayar da su. Idan kuwa ƙin lissafin kike yi har zuci, ki duba kimiyyar muhalli ko lafiyar al'umma. Fannoni ne masu daraja, kuma can ma ana yaƙi da gurɓata.

Masu ce miki ki ɗauki gine-gine suna da hujja. Daga cikinsa ma fannin muhalli ya tsiro. Injiniyan gine-gine ne, Joseph Bazalgette, ya gina wa Landan manyan magudanan najasa bayan warin Kogin Temis ya addabi majalisa a 1858. Digirin gine-gine ya fi faɗin ƙofa, kuma ana iya yin sa a ƙware a muhalli a digiri na biyu. Amma ke da kemistiri da bayoloji ne ƙarfinki, za ki kwashe shekaru kan kankare da ƙarfe, abin da ba ya ranki. Ni dai muhallin nake ba ki shawara, muddin kin yarda za ki gyara lissafin. Aiki akwai shi a hukumomin ruwa, kamfanonin tsara ayyuka, masana'antu, ma'adinai, hukumomin sa ido da ƙungiyoyin agaji. Ki shirya wa wari da takalmin roba da rubuta rahoto mai tsawo.

Kafin ki cike takarda, ki binciki ko hukumar da ke rajistar injiniyoyi ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, kamar yadda hukumar ABET ke tantance kwasa-kwasan injiniyanci a Amurka, domin rashin hakan kan hana mutum lasisi bayan ya gama. Ki tambayi ɗaliban ajin ƙarshe ko da hannunsu suke gwaje-gwaje, da inda ake tura su sanin makamar aiki. In da hali, ki nemi izini ki ziyarci wata matatar ruwan najasa, ki yini a can tare da ma'aikatanta.