Ciwon dajin furostet da ya kai ƙashi: me gwajin lutetium ya nuna?

Tambaya: Likita, ciwon dajin furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) na mahaifina ya bazu zuwa ƙashi, allurar rage hormon ta daina aiki. Maganin lutetium zai taimaka?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A gwajin magani mai suna VISION na 2021, mai mutum 831, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda aka ba Pluvicto (maganin lutetium ɗin, mai kai hari ga dajin da radiyeshin) ya kai wata 15.3, na waɗanda ba a ba su shi ba kuwa wata 11.3. Ƙarin kwana ne, ba warkewa ba. Ana sa shi ta jijiya duk mako 6, har sau 6, amma sai wani hoton jiki na musamman da ake kira PSMA-PET ya nuna dajin zai kama maganin. Yakan busar da baki, ya rage jini, don haka a riƙa auna jini da ƙoda.