Tambaya da Amsa: Marigayi Rashidi Yekini

Tambaya: Malam, me ya sa har yau ake jinjina wa marigayi Rashidi Yekini?

Amsa: Ɗan'uwa, Yekini, haifaffen Kaduna a 1963, shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Gasar Cin Kofin Duniya, wadda ya zura a ragar Bulgeriya a Amurka a 1994, shekarar da Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya. Ya ci wa ƙasarsa ƙwallaye 37, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Afirka, a 1993. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici a Ibadan, inda ya rasu a 2012. Allah ya jiƙansa.