Tambayoyinku: Tsohon lens ɗin Baba

Tambaya: Salam Malam, cikin kayan studiyon marigayi babanmu na tsinci wani lens, wato gilashin gaban kyamara, an rubuta Kodak Ektar 127mm f/4.7, lambarsa ta fara da RC. Na wace shekara ne, kuma yana da daraja kuwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ai Kodak sun ɓoye shekarar ne cikin kalmar CAMEROSITY, C ɗaya, A biyu, haka har Y sifili, to R biyar C ɗaya kenan, naka na 1951 ne. Irinsa ake ɗaurawa a kyamarar Speed Graphic ta 'yan jaridar Amurka na wancan zamani, yana cika fim mai girman inci 4x5 amma da ƙyar, in ka karkata gaban kyamarar kusurwoyi sai su yi duhu.

Daraja kuwa sai lafiyar gilashi. Haska tocila ta baya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo to fumfuna ce, ƴar ƙura kam ba komai. Sannan sa shata, wato ƴar ƙofar da ke buɗewa ta rufe in an ɗauki hoto, a sakan ɗaya ka saurara ko tana maƙalewa. Don Allah kar ka ɗiga mata man keke.