Ga 'yar'uwar da 'yarta ke karatu ba gargada amma ba ta iya amsa tambaya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, kuma wallahi sai na ji kamar labarin gidana kike bayarwa. Kin ce 'yarki tana aji 3 a firamare, tana karanta littafin Turanci ba gargada, amma da aka ba su aikin gida na wani gajeren labari a kan yaran da suka haɗa kai suka yi aiki tare, aka ce su amsa tambayoyi biyar da ke ƙarƙashinsa, ko ɗaya ba ta iya ba, sai kuka. Shi ne kike tambaya ko ki ɗauko mata malamin lesin. Kafin in taɓo zancen lesin, bari in gaya miki abin da ya faru tsakanina da ɗana na fari, domin irin kukan nan an yi shi a ɗakina, kuma da hannuna a ciki.

Shekara biyu ke nan, yana da shekara 8, na je karɓar sakamakonsa a wata makarantar kuɗi da muke matse bakin aljihu muna biya. Iyaye sun cika ajin, kowa yana jiran a kira shi. Da aka zo kanmu, malamar ba ta ko ce in zauna ba, sai ta ɗaga takardarsa sama yadda na bayana ma za su ga jan biro, ta ce, "Hajiya, wannan yaron naki aku ne, baki kawai gare shi, babu komai a kansa." Wasu suka yi dariya, wata maƙwabciyarmu da ke wurin ta sunkuyar da kai don kunyata. Yaron yana tsaye a gefena riƙe da bakin hijabina, ina jin hannunsa yana rawa. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi, domin wata tara yana zaune a gabanta, ba ta taɓa aiko mini da ko 'yar takarda ta ce akwai matsala ba, sai ranar da jama'a suka taru ta zaɓi ta tozarta shi. Kuma ita ce fa take karanta musu layi su maimaita, ta sake karantawa su sake maimaitawa, har a kaɗa ƙararrawa. Wanda ya koya wa yaro maimaitawa tsawon shekara, da wane baki zai kira shi aku? Ita ce kuma take cin tarar duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa a aji, wato ko abu ya shige wa yaro duhu, ba shi da harshen da zai yi tambaya da shi. Na yafe mata domin Allah, amma mantawa ta gagara.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ni na yi. A cikin Adaidaita Sahu ban ce masa uffan ba har muka sauka a Gwale. Muna shiga gida na buɗe littafin, na ce ya karanta, ya karanta shafi guda tas, na ce to me aka ce, ya yi shiru, na sake tambaya, ya yi shiru, sai na zane shi. Yana kuka yana cewa, "Umma, ai na karanta, wallahi na karanta." Daren nan ban runtsa ba, domin maganar ta yi ta dawo mini. Gaskiya ya faɗa. A saninsa karatu shi ne ka fitar da sautin da ke kan takarda, kuma ya fitar. Babu wanda ya taɓa nuna masa cewa a cikin baƙaƙen nan akwai mutane, akwai abin da ya same su, akwai dalilin da ya sa suka yi abin da suka yi. Don Allah, idan har kin fara ɗaga mata hannu a kan wannan, ki daina daga yau.

Kada kuma ki ɗauka 'yarki kaɗai ce. A shekarar 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Manufar ilimi ta ƙasar nan kuwa daga 1977 har zuwa 2025 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa, amma mu iyaye mu ne muke murna idan an hana 'ya'yanmu Hausa a makaranta. Alhali ko a karatunmu na zaure, ɗalibi yana jan baƙi ne malam yana fassara masa da Hausa, jimla bayan jimla, saboda magabata sun san cewa jan baƙi daban, sanin ma'ana daban.

Ni dai da Hausa na fara. Na ajiye littafin makaranta na mako biyu, na yago takarda daga littafin awon ɗinkina, na rubuta masa labari da manyan baƙaƙe, layi goma sha biyu kacal, a kan abin da yake gani kullum a lungunmu. An yi ruwan sama, wani dattijo ɗan garuwa ya turo kurarsa cike da jarkoki, sai ta maƙale a taɓo. Wani yaro mai ji da ƙarfi ya ce shi kaɗai zai fitar da ita, ya tura har ya zame ya faɗi. Sai ƙanwarsa, wadda ta fi kowa ƙanƙanta, ta leƙa ƙasa ta ga dutse ne ya tokare taya. Wani ya kawo katako aka shimfiɗa, yara biyu suka sauke jarka huɗu don a rage nauyi, aka cire dutsen, sannan aka haɗu aka tura, kura ta fita. Da ya karanta layin farko na tsayar da shi, na ce, "Wace kura ce ta maƙale?" Sai ya ce ta daji, mai cin akuya. Kin gani? Ya karanta "ɗan garuwa", ya karanta "jarkoki", amma bai haɗa su da kalmar da ke kusa da su ba. Ban yi faɗa ba, na ce ya sake dubawa ya gaya mini wa ya turo ta. Ya duba, ya yi jim, sai ya fashe da dariya ya ce, "Au, kurar ruwa ce!" Wannan "au" ɗin ita ce ranar farko da ɗana ya yi karatu.

Rubutun Hausa yana da wata fa'ida a nan. Ba ma nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya a rubuce, don haka "gari" na tuwo da "gari" na mutane rubutunsu ɗaya, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Idan yaro ya furta daidai, to ya bi ma'anar jimlar; idan ya furta ɗayar, kin kama shi nan take ba tare da kin yi masa jarrabawa ba. Ki kula mata da baƙaƙe masu lanƙwasa kuma, domin kura daban, ƙura daban.

Labarin haɗin kai da aka ba su ba a banza aka zaɓe shi ba, kuma na ga amfaninsa da idona. Labarin mutum ɗaya yaro zai iya bin sa da ka, amma labarin aikin gayya yana da mutane da yawa, kowa da aikinsa, kuma aikin wani ya dogara da na wani. Dole yaro ya riƙe waye "ya", wace ce "ta", su waye "suka". Dole ya san abin da ya riga wani, domin da an tura kafin a cire dutse, da kura tana nan. Saboda haka kada ki jira sai ta kai ƙarshe ki jero mata tambaya biyar kamar alƙali. Ki tsayar da ita bayan layi biyu ko uku ki ce, wa ya zo yanzu, me kike jin zai yi? Tambayar da ta fi buɗe kan ɗana ita ce ta "da a ce": da a ce ƙaramar yarinyar ba ta leƙa ba, me zai faru? Amsar ba ta cikin takarda, sai ya yi tunani. Wata rana ma na yanka labarin da almakashi gida huɗu, na cakuɗa, na ce ya jera. Ranar Juma'a da yamma kuwa muka yi wasansa a tsakar gida, kwandon wanki ya zama kura, robobin ruwa suka zama jarkoki, shi ne mai riƙe da takarda yana gaya wa ƙannensa abin da kowa zai yi, kuma idan ya ɓata sai su yi masa gardama ya koma ya duba. Kakarsu tana zaune a tabarma ta ce musu hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ga shi yana tambayarta mece ce jinka, domin yaron birni bai taɓa ganin ana ɗora ta a kan ɗaki ba. Idan kuna da tsohuwa a gida, ki roƙe ta ta dawo musu da "ga ta nan, ga ta nanku" bayan sallar isha'i, saboda yaron da ya saba sauraron tatsuniya ya maimaita ta da bakinsa ya riga ya san yadda labari yake tafiya.

Sai bayan nan muka koma Turanci, da dabara iri ɗaya: ya karanta jimla biyu, ya gaya mini da Hausa abin da suka ce. Kalmomin da bai sani ba muna fitar da su tun kafin a fara, uku ko huɗu, ba fiye ba.

Ki duba lokacin da take aikin gidan ma. Namu suna dawowa daga boko su ci abinci a tsaye su wuce Islamiyya, sai dab da magariba su shigo, a gajiye liƙis, sannan mu ɗora musu littafi. Minti 15 da safe ranar Asabar ya fi awa guda ana gyangyaɗi. Ki lura kuma ko tana kai littafi kusa da fuska ko tana tsallake layi, idan haka ne a kai ta a duba idonta. Ƙanwata ta sha duka a aji 4 kafin a gane allo ne ba ta gani.

Zancen lesin kuwa, ban hana ki ba, amma ni na ɗauki biyu na sallame su, domin abin da ake yi a aji shi suka zo suna maimaitawa a zaure, har ɗayan yana rubuta masa amsa ya kwafa. Idan za ki ɗauka, ki zauna a bayan labule ki saurari darasin farko; in kin ji muryar malamin ta fi ta yarinyar yawa, ba shi kike nema ba. Kuɗin wata ɗaya na lesin zai saya mata ƙananan littattafan labarai na Hausa a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari, kuma Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana nan a kan titin Ahmadu Bello.

Ɗana yana aji 5 yanzu a wata makarantar, ba shi ne na ɗaya ba, amma jiya shi ya karanta wa kakarsa takardar maganinta ya yi mata bayani. Ki ɗauko labarin nan da ya sa ta kuka, ki ba ta shi da baki da Hausa tukuna, ki tambaye ta wane ne a cikin yaran ya fi burge ta da dalilinta, sannan ki buɗe littafin. Ki dawo ki gaya mana wanda ta zaɓa. Allah Ya buɗa mata, Ya sanyaya miki zuciya.